Adireshin da ba ya kaiwa ko'ina: matsalar kafa hujja da intanet a kundin bincike

Duk wanda ya duba kundin ɗalibi a 'yan shekarun nan, na digirin farko ne ko na biyu, ya san yadda shafukan manazarta suka sauya kama. A da jerin littattafai ne da mujallu da kundaye, kowanne da sunan maɗaba'a da garin da aka buga shi. Yanzu kuwa dogayen adireshin intanet ne suka mamaye wajen, wani ma sai ya ci layi uku. Wannan ba aibi ba ne. Ɗalibin da ke Gusau ko Damagaram, wanda laburaren makarantarsa ya shekara da shekaru bai ga sabuwar mujalla ba, intanet ce ta buɗe masa ƙofar da aka daɗe da rufe wa magabatansa. Abin da ke damuna shi ne mun karɓi sabuwar hanyar samo bayani, amma har yanzu da tsohon ma'auni muke auna ta. A zaman kare kundi sai a kwashe lokaci ana jayayya kan inda waƙafi zai zauna, ko shekara za ta zo kafin take ko bayansa, amma da wuya ka ga malami ya ɗauko waya ya gwada adireshi ko guda, ya ga ko yana kaiwa ga abin da ɗalibin ya ce ya karanta.

Alhali dalilin kawo madogara ke nan tun asali. Marubuci yana ce wa mai karatu: kada ka yarda da ni don na faɗa, ga inda na samo, je ka gani da idonka. Mu da muka tashi a gaban malaman zaure ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Imamu Muslim ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa cewa Abdullahi ɗan Mubarak ya ce isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana, daga addini yake, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Malaman hadisi ba su tsaya ga cewa akwai sunaye a jere ba. Sai sun bincika ko wannan ya haɗu da wancan, ko mutum ne mai riƙo, ko ya ɓoye wanda ya ji daga bakinsa ya tsallake zuwa na gaba. Tambayoyin da mai binciken zamani ya kamata ya yi wa shafin intanet ba su yi nisa da waɗannan ba.

Takarda tana sauƙaƙa wannan aiki ta wata fuska da ba mu cika lura da ita ba: tana zaune inda aka ajiye ta. Idan masanin tarihi ya rubuta lambar fayil na Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, ko ya ce wata magana tana shafin farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo na wani wata a 1939, to ko bayan shekara talatin wani zai iya neman wannan fayil ko wannan bugu, kuma in ya same shi, abin da na farko ya gani shi ma zai gani. Littafin da aka buga kofi dubu ya watsu a gidaje da makarantu, marubucinsa ba shi da ikon bin su ɗaya bayan ɗaya yana goge abin da ya yi nadamar rubutawa. Shafin intanet kuwa kofi ɗaya ne, yana zaune a kwamfutar wani, kuma mai ita zai iya gyara shi yau da daddare, ko ya kasa biyan kuɗin hayar adireshi a rufe masa baki ɗaya.

Wannan ba zato ba ne, an ƙidaya shi. A 2014 wasu masana uku na Jami'ar Harvard, Jonathan Zittrain da Kendra Albert da Lawrence Lessig, suka bi diddigin adireshin da aka kafa hujja da su a rubuce-rubucen shari'a. Suka tarar kusan rabin waɗanda ke cikin hukunce-hukuncen Kotun Ƙolin Amurka ba sa kaiwa ga abin da aka ambata, a mujallun shari'a da suka duba kuwa abin ya haura kashi 70 cikin ɗari. Kotun Ƙolin Amurka fa, mai ma'aikata da laburare da kuɗi. A 2024 cibiyar bincike ta Pew ta fitar da nata rahoton, inda ta ce kashi 38 cikin ɗari na shafukan da suke raye a 2013 sun ɓace cikin shekara goma, kuma kashi 54 cikin ɗari na shafukan Wikipedia da ta duba suna da aƙalla mataccen adireshi guda a manazartarsu.

Mu ma mun ga namu. A farkon shekarun 2000, kafin Facebook ya karɓe fage, dandalin Yahoo Groups ne wajen da masu sha'awar adabi da finafinan Hausa suke tafka muhawara. Kamfanin ya goge abin da aka tara a ciki, ya kuma rufe dandalin gaba ɗaya a Disamba 2020. OkadaBooks, inda marubutan Nijeriya da dama suka sa littattafansu, ya rufe a ƙarshen 2023. A farkon Yuni 2021 Twitter ya cire wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, lamarin da ya biyo bayansa shi ne dakatar da dandalin a ƙasar na kimanin wata bakwai. Ɗalibin kimiyyar siyasa da ya rubuta adireshin wannan saƙo a manazartarsa, ba tare da ya ajiye komai ba, ya kafa hujja da abin da ba ya nan, kuma wannan saƙon shi ne cibiyar labarin da yake nazari.

Mataccen adireshi ma da sauƙi, domin yana faɗa maka ya mutu. Wanda ya fi shi haɗari shi ne mai buɗewa lafiya lau amma abin da ke ciki ya canja. Jaridun intanet kan gyara kanun labari ko adadin waɗanda suka mutu a wani hari bayan sa'o'i, sau da yawa ba tare da sanarwa ba. Shafukan alƙaluma su ma haka. A Afrilu 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake shekarar da take dogara da ita wajen lissafin tattalin arzikin Nijeriya, daga 1990 zuwa 2010, sai adadin 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa kimanin biliyan 510. Wanda ya kwafi adadi kafin wannan sauyi, da wanda ya kwafa bayansa daga shafi iri ɗaya, za su kawo lambobi biyu masu nisa da juna, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da zai raba gardama shi ne ranar da kowannensu ya shiga shafin. In babu wannan rana a rubuce, mai karatu zai ɗauka ɗaya daga cikinsu ƙirƙira ya yi.

Su kansu masu tsara ƙa'idojin rubuta manazarta sun sha kai-komo a kan wannan. Tsarin MLA, wanda masu nazarin harshe da adabi suka fi bi, ya ce a bugunsa na 2009 ba dole ba ne a rubuta adireshi, tunda yana saurin mutuwa. A 2016 sai ya dawo ya ce a rubuta. Tsarin APA, wanda yawancin tsangayoyin ilimi da na nazarin zamantakewa a jami'o'inmu suke amfani da shi, ya fitar da bugu na bakwai a 2019, a ciki ya ce ba sai an rubuta ranar da aka shiga shafi ba, sai in shafin irin wanda aka tsara shi ya riƙa canjawa ne kuma ba a adana tsofaffin kamanninsa ba. Ra'ayina shi ne an yi wannan ƙa'ida da mai karanta manyan mujallu a zuciya, waɗanda suke da tsayayyen rumbu. Shi kuwa ɗalibinmu da ya dogara da shafin wata ma'aikatar jiha, wanda ake rushewa a sake ginawa duk lokacin da gwamnati ta canja, ko shafin wata ƙaramar jarida da ka iya ɓacewa badi, kusan duk abin da yake ambata yana cikin masu canjawa. Sashen da ya umarci ɗalibansa su riƙa rubuta ranar shiga a kowane shafin da ba shi da tabbatacciyar lamba bai saɓa wa manufar APA ba, ya ma fi kusa da ita.

Wannan tabbatacciyar lamba ita ce DOI, wadda ake gani a goshin maƙalu tana farawa da 10 da ɗigo. Hikimarta ita ce ba ta nuna inda maƙala take zaune, tana nuna maƙalar ce da kanta. Akwai rajista a tsakiya, wadda ƙungiyoyi irin su Crossref suke kula da ita tun 2000, inda mawallafi ke rubuta cewa lamba kaza tana adireshi kaza. In mujallar ta ƙaura zuwa wani shafi, sai a gyara rajistar, lambar da ke cikin kundinka ta ci gaba da aiki. Don haka duk inda maƙala take da DOI, ita za a rubuta, ba adireshin da ya fito a saman waya ba. Sai dai akwai kuskuren da na ga yana yaɗuwa, har a tsakanin malamai: ɗaukar DOI a matsayin shaidar inganci. Ba haka ba ne. Lamba ce ta rajista, kuma duk mawallafin da ya yi rajista ya biya kuɗi yana iya samun ta.

A nan ne maganar mujallun bogi ta shigo. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya rubuta maƙalar ƙarya kan wani maganin daji, ya cika ta da kurakuran da duk masanin fannin zai gane, ya aika wa mujallu 304 da ake karantawa kyauta a intanet. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga sakamakon. Irin waɗannan mujallu kasuwarsu a bayyane take: ka biya, a buga maka cikin kwanaki, babu masanin da ya tace aikin. Kuma muna cikin manyan abokan cinikinsu, saboda ƙarin girma a jami'a ya rataya ne a kan yawan maƙalu, malami kuma yana da iyali da buƙatu. Wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayen irin waɗannan mujallu har ya sauke jerin a Janairu 2017. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya duba ta ɗaya ɓangaren: ko mujallar tana cikin rumbunan da suke tantancewa kafin su karɓa, kamar DOAJ da aka kafa a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003, ko AJOL mai tattara mujallun Afirka. Ya kuma duba ko wata jami'a ko ƙungiyar masana da aka sani ce ke fitar da ita. Ko babbar mujalla ma takan janye abin da ta buga. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998 da ta danganta allurar rigakafi da wata lalurar ƙwaƙwalwar yara, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma tsofaffin kofenta suna yawo a intanet babu tambarin janyewa. Wanda ya sauko da irin wannan kofi bai koma shafin mujallar ya duba ba, zai kafa hujja da abin da masu shi suka tsame hannunsu daga ciki.

Akwai kuma rikita ma'ajiya da madogara. Sau nawa ake ganin “an samo daga Google” a manazarta? Google bai rubuta komai ba, hanya ce kawai. ResearchGate da Academia.edu su ma wuraren ajiya ne, kowa na iya ɗora abin da ya so, daga maƙalar da ta fito a mujalla zuwa daftarin da ba a gama ba. Abin da za a ambata shi ne marubuci da mujallar da shekara da shafi, in kuma daftari ne a faɗi cewa daftari ne. Ɗaliban Larabci da nazarin addinin Musulunci suna da nasu nau'in wannan matsala a Maktabatus Shamila. Taska ce mai albarka, ta sa dubban littattafai a aljihun ɗalibi. Amma a bayanin kowane littafi takan nuna ko lambobin shafinsa sun dace da na bugun takarda ko kwamfuta ce ta jera su da kanta. Ɗalibin da bai duba wannan ba zai rubuta juzu'i na uku shafi kaza, ya jingina wa wata maɗaba'a ta Beirut ko Alƙahira, malami ya ɗauko littafin a kanta ya buɗe bai ga komai ba.

Mafi muni a wurina shi ne ambaton abin da ba a karanta ba. Ɗalibi ya ga wata maƙala ta ce wane ya faɗi kaza a 1975, sai ya kwashe maganar da sunan wanen ya sa a manazarta kamar ya riƙe littafin a hannu, ya ɓoye wadda ta ruwaito masa. Malaman hadisi tadlisi suke kiran irin wannan, kuma suna rage darajar mai yin sa. Gyaran ba wuya: a ce wane ya faɗa, kamar yadda wance ta ruwaito, a sa wance a manazarta. Intanet ta sa wannan cuta ta yi saurin yaɗuwa, domin kuskure ɗaya sai a kwafe shi sau ɗari har ya yi kama da gaskiya. Dubi yawan jama'a. Ƙidayar da Nijeriya ta yi a 2006 ta ba da mutum miliyan 140 da 'yan kai, Kano tana da sama da miliyan 9. Alƙaluman shekarun da suka biyo bayanta da ake gani a shafuka hasashe ne da aka gina a kan lissafi, amma a kundaye sai ka ga an rubuta su tamkar ƙidaya, an jingina wa hukumar da marubucin bai taɓa buɗe rahotonta ba. Shafukan da ke sayar wa ɗalibai kundi daga babi na ɗaya zuwa na biyar sun ƙara dagula lamarin, domin manazarta guda ce take zagaya makarantu, da kurakuranta na rubutu yadda suke.

Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamba 2022 kuma sai aka sami sabon abu: madogarar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Irin waɗannan manhajoji an gina su ne su haɗa kalmomin da suka dace da juna, don haka suna iya ƙera sunan marubuci na gaske, da take mai kama da nasa, da mujalla ta gaske, da lambar shafi, alhali babu wannan maƙala a duniya. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 a ƙarar da wani mutum mai suna Roberto Mata ya kai kamfanin jiragen Avianca, bayan sun gabatar da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙira. Inda aka yi ƙarancin rubutu a intanet, kamar fannonin Hausa, nan ne ya fi kamata a yi hattara, domin mai duba aiki zai ga sunan farfesan da ya sani ya wuce bai yi shakka ba.

Ɓangaren da ƙa'idojin ƙasashen waje ba su warware mana ba shi ne adabin da ke rayuwa a waya. Yau ƙagaggun labaran Hausa masu ɗimbin yawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad ake fitar da su, shafi-shafi, yawanci mata ne marubutan, wasu da sunan aro. Waƙoƙi da wa'azi da muhawarar siyasa suna yawo a saƙon murya. Ga mai nazarin harshe ko adabi ko al'ada, waɗannan su ne ainihin kayan aikinsa, ba kayan ƙari ba. Amma tsarin APA yana ɗaukar abin da mai karatu ba zai iya nemowa ba a matsayin zance tsakanin mutum biyu, a ambace shi a cikin rubutu kawai, kada a sa a manazarta. In muka bi wannan ido rufe, ɗaliba za ta rubuta kundi sukutum a kan littafin da ba ya cikin manazartarta, kuma bayan shekara biyar babu mai iya tabbatar da ko jimla ɗaya da ta ciro. Mafita ita ce ta tattara rubutun yadda ya fito, da sunan da marubuciyar ta sa wa kanta, da zauren da aka saki labarin, da ranakun, ta sa abin da ya sawwaƙa a rataye, ta miƙa cikakken kofi ga laburaren sashe, sannan ta ambaci wannan kofin. Sai dai a kula: abin da aka faɗa a rufaffen zaure ba a faɗe shi don duniya ta ji ba. Neman izini da sakaya sunaye da lambobin waya wajibi ne, musamman inda maganar ta shafi aure ko rashin lafiya ko siyasar da za ta iya jawo wa mutum fitina.

Duk wannan yana nuna nauyin da a da laburare ke ɗauka ya dawo kan mai bincike, ko ya sani ko bai sani ba. Shi ne zai adana abin da ya gani. Kayan aikin suna nan, yawancinsu kyauta. Internet Archive, wadda Brewster Kahle ya kafa a 1996, tana da rumbun Wayback Machine inda kowa zai iya liƙa adireshi ya ce a ɗauki hoton shafin yadda yake yanzu, a ba shi sabon adireshi mai ɗauke da kwanan wata. Laburaren shari'a na Harvard ya samar da Perma.cc don wannan aiki. Kowane shafin Wikipedia yana da adireshin dindindin na kamanninsa a wata rana, ko da yake abin da ya fi shi ne a gangara ƙasan shafin a bi madogaran da aka jero, a karanta su, a ambace su. Manhajar Zotero tana adana bayanan maƙala da kofin shafi lokaci guda. Amma kada a jingina da rumbu ɗaya: a Oktoba 2024 an kai wa Internet Archive harin kutse, ta yi kwanaki a rufe. Kofi a kwamfutar mutum, da wani a wani wuri dabam, bai fi ƙarfin kowa ba.

Hukumomi ma da nasu. Dokar da ta wajabta wa mawallafa kai kofen littafi Laburaren Ƙasa na Nijeriya ta 1970 ce, an rubuta ta kafin a san intanet. Birtaniya ta faɗaɗa irin wannan doka tata a 2013 ta haɗa da shafukan intanet, laburarenta suna kwashe su suna adanawa. Kafin mu kai can, sashe ɗaya a jami'a ɗaya zai iya farawa da abin da ba ya buƙatar kasafin kuɗi: a ce kowane ɗalibi ya miƙa kundinsa tare da fayil mai ɗauke da kofin duk shafin da ya ambata, kuma a ranar kare kundi ɗaya daga cikin malamai ya zaɓi madogara biyar daga manazarta, a buɗe su a gaban kowa, ɗalibin ya nuna layin da ya ciro.